YAƘIN TAKARDU A KAN ƘURI'AR MATA

Jawabi domin tarurrukan komitoci na gari da na unguwa. Wanda ya iya karatu ya karanta da ƙarfi, saura su saurara.

 

Maganar da ta tara mu yau ita ce ƙuri'ar mata. Wani zai ce wannan ai tsohon zance ne, doka ta yanke shi a ƙasarmu tun 1956. Gaskiya ne. Amma kafin doka ta yanke, an yi shekaru da dama ana faɗa a ƙasashen Nasara, kuma mafi yawan makaman faɗan takardu ne: takardun manna wa bango, katin wasiƙa mai hoto, jaridu, tutoci, da takardun koke masu ɗauke da sa hannun dubban mutane. Da yawansu suna nan ajiye a gidajen tarihi. Muna so mu buɗe muku su ɗaya bayan ɗaya, domin dabarun da ke cikinsu ba su mutu ba. Duk mai son ya hana talaka hakkinsa da irinsu yake aiki, duk mai neman hakki kuma yana da abin koyo a ciki.

1. TAKARDAR DA AKA TURO A BARO

Ƙasa ta farko mai mulkin kanta da ta ba mata ƙuri'a ita ce Niyu Zilan, a shekarar 1893. Shugabar masu nema, Kate Sheppard, ta fara da ƴar takardar rabawa a 1888, wadda ta jera dalilai goma da suka sa ya kamata mace ta yi zaɓe. Daga nan mata suka shiga gari gari, gida gida, suna karɓar sa hannu. A 1893 sun tara kusan 32,000. Aka liƙa takardun baki da baki, aka naɗe su kamar tabarma. Babban naɗin ya fi mita 270 tsawo. A baro aka turo shi majalisa, wani wakili mai suna John Hall ya warware shi a gaban sauran wakilai.

Su wa suka fi tsananta ƙi? Masu sayar da giya. Matan da ke gaba a neman ƙuri'a su ne kuma ke yaƙi da shan giya, domin sun ga yadda take cinye kuɗin cefane. Masu giya suka ji tsoron ranar da mace za ta riƙe ƙuri'a. Wani ɗan siyasa na garin Dunedin, Henry Fish, ya ɗauki mutane yana biyansu su tara masa sa hannu a takardar ƙi. Da aka bincika, aka tarar wasu sunayen na ƙarya ne. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

An sa hannu a dokar ran 19 ga Satumba 1893, ta haɗa har da matan Mawori, ƴan asalin ƙasar. Masu ƙi sun daɗe suna cewa mata ba su damu da ƙuri'a ba. Da aka yi zaɓe a watan Nuwamba na shekarar, mata fiye da 109,000 suka rubuta suna, kimanin 90,000 suka fito suka jefa. Gani ya kori ji.

2. ABIN DA MASU ƘI SUKA ZANA

In kun tara takardun masu ƙi na Ingila da Amurka da Suwizalan, za ku ga dabara uku suke juyawa.

Ta farko ita ce tsoratarwa da rushewar gida. A 1912 ƙungiyar masu ƙi ta Ingila ta buga wani hoton bango na mai zane John Hassall. Lebura ya dawo daga aiki a gajiye. Ɗaki a hargitse, fitila tana hayaƙi, yara suna zaune cikin yunwa da kuka, uwar gida ta bar ɗan rubutu cewa ta fita, za ta dawo an jima. Ta tafi taron neman ƙuri'a. A Suwizalan an zana jariri ya faɗo daga gadonsa yana tsala ihu, kyanwa ta haye gadon ta kwanta, wai uwa ta tafi siyasa. A 1946 kuma aka zana robar tsotso ta jariri an yar da ita, ƙuda ya sauka a kai, da rubutu cewa: ƙuri'ar mata, a'a. Babu mai zanen da ya tambayi wa ke duba yara sa'ad da uwa take masaƙa ko gona tun asuba har magariba.

Ta biyu ita ce ba'a. A zamanin nan katin wasiƙa mai hoto yana da araha, kowa yana aika wa ɗan'uwansa ta gidan waya. Aka cika kasuwa da katin da ke nuna mai neman ƙuri'a tsohuwa mummuna mai dogayen haƙora, wadda ta rasa mijin aure. Wani katin yana nuna miji ɗaure da zane yana wanki, jariri yana kuka a hannunsa, matar ta sa hula ta fita. Akwai wanda aka zana mace an sa mata kwaɗo a baki, wai maganin surutu ke nan. Manufar ba'a ita ce a sa mace ta ji kunyar zuwa taro, a sa namiji ya ji tsoron abokansa za su ce matarsa ta fi ƙarfinsa.

Ta uku ita ce magana da bakin mata. A Amurka an kafa ƙungiyar ƙin ƙuri'ar mata ta ƙasa a 1911, ƙarƙashin wata mai dukiya, Josephine Dodge. Ƙungiyar ta raba wata ƴar takarda mai kama da nasihar aikin gida: yadda ake fid da tabo daga tufa, yadda ake tsabtace ɗaki. A tsakanin nasihohin aka cusa cewa ba a bukatar ƙuri'a wajen share gida, kuma wai tara cikin goma na mata ba su so ko ba su damu ba, kuma ƙuri'arsu za ta ƙara kuɗin zaɓe a banza. Ku lura da wayon. An naɗe guba a cikin abin da mace za ta karɓa ta ajiye a madafa.

3. SU WA KE BAYAN TAKARDUN?

A nan muke so ku buɗe kunne da kyau. A Ingila, mata masu hali ne suka fara kafa ƙungiyar ƙi a 1908, babbarsu marubuciya Mary Ward. Mace ce mai ilimi, ta taimaki makarantun mata, ta yarda mace ta shiga majalisar gari, amma ta ce majalisar ƙasa ta maza ce. A 1910 ƙungiyarta ta haɗu da ta maza. Shugaban haɗaɗɗiyar ƙungiyar na farko shi ne Lord Cromer, wanda ya juya Masar da sunan Ingila daga 1883 zuwa 1907. Bayansa Lord Curzon ya shiga shugabanci, wanda ya yi gwamnan Indiya daga 1899 zuwa 1905. Curzon ya buga takarda mai dalilai goma sha biyar na hana mata ƙuri'a.

Babbar hujjarsu ita ce daula da ƙarfin bindiga take tsaye, mace ba ta zuwa yaƙi, saboda haka ba ta da baki a kan mulkin ƙasashen da aka ci. Suka ƙara da cewa mutanen Indiya da sauran ƙasashen mallaka za su raina gwamnatin da mata suka zaɓa. Shi Cromer, sa'ad da yake magana a kan Masar, yakan zargi mutanenta da danne mata da kulle. Da ya koma gida, shi ne ya tsaya a ƙofa ya hana matan ƙasarsa ƙuri'a.

To, ƴan'uwa, wannan murya ba baƙuwa ba ce a kunnenmu. Kalmomin da aka faɗa wa matan Landan su ne aka faɗa wa kakanninmu a zamanin kumandan: ba ku isa ba tukuna, ba ku da ilimi, hankalinku na yara ne, akwai mai yi muku tunani, mafi yawanku ma ba su nema ba. An ce wa mace mijinta ya wakilce ta. An ce wa talaka sarkin kanto ya wakilce shi. Bakin da ya faɗi wannan shi ya faɗi wancan.

4. AMSAR MATA

Masu nema a Ingila sun kasu biyu. Akwai ƙungiyar Millicent Fawcett ta 1897, mai bin hanyar lumana da koke. Akwai ta Emmeline Pankhurst, wadda aka kafa a Mancesta a 1903, mai zafi. Ƴan Pankhurst sun fasa tagogi, daga baya har sun sa wa gine-gine wuta, masu ƙi kuwa suka sami abin zanawa. Amma a wajen farfaganda kowane ɓangare ya gwada gwaninta.

A 1908 ƴan Pankhurst suka zaɓi launi uku: shunayya, fari da tsanwa. Suka sa su a tuta, a ɗamara, a lambar maƙalawa a riga, har a ƙunshin shayi da sabulu da suke sayarwa domin asusun ƙungiya. A watan Yuni na 1908 suka tara mutum fiye da 250,000 a filin Hyde Park na Landan. Inda babu kuɗin buga takarda, da alli suke rubuta lokacin taro a kan daɓen titi.

Masu zane suka kafa ƙungiyoyinsu a 1907 da 1909. Hoton da ya fi ratsa mutane layi biyu ne. A sama an jera abin da mace take iya zama amma ba ta da ƙuri'a: shugabar gari, mai jinya, uwa, likita ko malamar lakwal, ma'aikaciyar masana'anta. A ƙasa an jera abin da namiji yake iya zama bai rasa ƙuri'arsa ba, a cikinsu har da tsohon ɗan kaso da mashayi. Ko wanda bai san baƙi ba, in ya duba ya gane.

Daga 1909, matan da aka ɗaure suka shiga ƙin cin abinci. Gwamnati ta sa a danne su, a zura musu tiyo ta hanci ko ta baki a ɗura musu. Ƙungiya ta zana wannan ta manna a bango lokacin zaɓen 1910. A 1913 gwamnati ta yi dokar sakin wadda ta galabaita, in ta murmure a sake kama ta. Mutane suka sa wa dokar suna kyanwa da ɓera, aka zana ƙatuwar kyanwa riƙe da mace a baki. A 1918 matan da suka kai shekara 30, masu sharaɗin gida ko dukiya, suka sami ƙuri'a, su fiye da miliyan 8. Curzon kansa bai jefa ƙuri'ar ƙi ba a majalisar manya. A 1928 aka daidaita mata da maza a shekara 21.

Wasu da dariya suka yi yaƙi. A 1928 matan Suwizalan suka ƙera ƙaton dodon koɗi, suka ja shi a titunan Bern, suka ce ga saurin da maganarsu take yi. Ba su yi ƙarya ba. A 1959 maza suka ƙi da kashi biyu cikin uku, sai a 1971 suka yarda, yanki na ƙarshe kuwa sai da kotun ƙasa ta tilasta masa a 1990. A Faransa, majalisar difitoci ta yarda tun 1919, majalisar dattawa ta toshe hanya, domin wasunsu suna tsoron mata za su bi umurnin limaman coci. A 1936 ƴan ƙungiyar Louise Weiss suka kai wa dattawan kyautar safa, da saƙon cewa ko sun ba da ƙuri'a, ba za a fasa ɗinke musu safa ba.

5. TABON DA KE JIKIN WASU TAKARDUN

Ba za mu ɓoye muku wani abu ba. A Amurka, masu ƙi na jihohin kudu sun buga takardun tsoratarwa cewa ƙuri'ar mata za ta buɗe ƙofa ga baƙaƙen mata. Wasu masu nema, maimakon su ƙaryata wannan ƙazamar hujja, sai suka amsa da irinta, suka ce fararen mata sun fi yawa, ƙuri'arsu za ta ƙarfafa mulkin farar fata. A babban jerin gwanon Washintan na 3 ga Maris 1913, aka ce baƙaƙen mata su koma baya. Ƴar jarida Ida B. Wells ta ƙi, ta shiga sahun mutanen jiharta.

A watan Agusta 1920 magana ta tsaya a majalisar jihar Tenesi. Masu yarda sun maƙala fure ruwan ɗorawa, masu ƙi sun maƙala ja. Wani wakili ɗan shekara 24, Harry Burn, yana da jan fure a riga da wasiƙar mahaifiyarsa a aljihu. Ya bi maganar uwa, doka ta wuce. Duk da haka, baƙaƙen mata na kudu an ci gaba da korarsu da harajin zaɓe da jarrabawar karatu da barazana, har dokar 1965. Hakkin da aka nema wa rabin mutane aka bar rabi, sai an sake komawa fagen fama.

6. YADDA MAGANAR TA ISO MANA

Matan Faransa sun sami ƙuri'a da umurnin 21 ga Afrilu 1944, suka fara jefawa a Afrilu 1945. A watan Fabrairu na 1945 aka fid da hukuncin da ya ba fararen matan Faransa mazauna ƙasashen mallaka ƙuri'a, ya ware baƙaƙen matan garuruwa huɗu na Sanagal, alhali su ma ƴan ƙasa ne a doka. Dakar da Sanluwi suka ɗauki zafi. Lamine Guèye ya kai kuka Faris, mata irin su Soukeyna Konaré da Ndaté Yalla Fall suka tsaya a tarurruka suka yi magana. Kafin shekarar ta raba, gwamnati ta janye.

A ƙasarmu, dokar zaɓe ta 1946 ba ta ware mata da suna ba, amma ta jera waɗanda suka cancanta: sarakuna, ma'aikatan gwamnati, tsoffin soja, ƴan kasuwa masu takardar ciniki, masu takardar tuƙin mota ko ta farauta. Mata nawa ne a Tawa ko Damagaram ke da waɗannan? A 1951 aka ƙara uwar ƴaƴa biyu. Wato da haihuwa aka auna hankalinta. Sai ran 23 ga Yuni 1956 dokar Defferre ta ba kowane baligi ƙuri'a, namiji da mace, akwati ɗaya. Da ita aka yi zaɓen majalisar ƙasa na 31 ga Maris 1957.

Namu kayan yaƙin zaɓe na lokacin ba su dogara ga rubutu ba. Alama ce da launi: giwa ta RDA, raƙumi na Sawaba. Sauran aikin waƙa ta yi shi, da kalangu, da zanen ɗaurawa, da magajiyoyi masu tara mata.

Ku dubi ƙetaren iyaka. Matan kudancin Nijeriya sun yi zaɓen 1959, matan arewa ba su yi ba. Shugabannin NPC sun ce al'ada da addini ba su yarda ba, kuma matan ba su nema ba. NEPU ta Malam Aminu Kano ta ce a ba su. Gambo Sawaba, shugabar matan NEPU, ta sha duka da ɗauri sau da dama a kan wannan. Sai a 1976 matan arewa suka jefa ƙuri'a a zaɓen ƙananan hukumomi, tsarin mulkin 1979 ya tabbatar. Tsakanin Maraɗi da Katsina bai kai kilomita 100 ba. Harshe ɗaya, alƙibla ɗaya, auratayya ɗaya. Ya a Maraɗi ta yi zaɓe a 1957, ƙanwarta a Katsina ta jira kusan shekara ashirin. A cikin shekarun nan ba a rufe masallaci a Maraɗi ba, ba a fasa aure ba, tukunya ba ta sauka daga murhu ba.

Samun ƙuri'a kuma bai kai mata kujera nan da nan ba. Ran 13 ga Mayu 1991 dubban mata suka yi jerin gwano a Yamai, domin mace ɗaya tak aka sa a komitin shirya babban taron ƙasa. Aka ƙara musu kujeru, ranar ta zama ranar matan Nijar. A 2000 aka yi dokar kaso, wadda ta fara da 10 cikin 100 na kujerun zaɓe.

7. ABIN DA MUKE SO KOMITOCI SU RIƘE

Na ɗaya. Duk takarda ko hoto ko saƙon waya da ya iso hannunku a kan maganar jama'a, ku tambaya wa ya biya kuɗinsa, me kuma zai rasa in talaka ya sami abin da yake nema. Da wannan tambaya aka gano masu giya na Niyu Zilan.

Na biyu. In kun ga takarda ba ta da hujja sai ba'a da kamannin mutum, ku sani mai ita ya rasa abin faɗi. Kada ɗan komiti ya yaɗa irinta, ko da a kan abokin hamayya ce.

Na uku. In an ce muku mata ba su so, ku je ku tambayi matan. Kada komiti ya yanke magana a kan kasuwa, rijiya, lakwal ko asibiti babu mata a zaman, kuma a ba su lokacin magana kafin a tashi.

Na huɗu. Kowane mai gida ya duba ko matarsa da ƴaƴansa mata suna da takardar haihuwa da katin shaida. Wadda ba ta da suna a rajista, ranar da aka buɗe akwati ba ta da ƙuri'a, kome kyan doka. Sakatarorin unguwa su rubuta sunayen waɗanda ba su da su, su kawo a zama mai zuwa.

Na biyar. Ƙuri'ar mace tata ce. Ba a karɓe mata kati, ba a jefa mata, ba a saye ta da sabulu ko turmin zane. Iyayenmu mata, ku ma ku riƙe wannan: wasu sun sha kaso, wasu an ɗura musu abinci ta hanci kafin ta zo hannunku.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A karanta wannan takarda a zauren maza, a sake karanta ta a tsakar gida inda mata za su ji. In an gama, a miƙa ta ga komiti na gaba, kada a ƙunshe gyaɗa da ita.

Allah ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka. Wassalamu.